Zaman daraktoci a Kano: ana taro, amma ina shawarar?

Yawancin kamfanonin Kano ba a ɗakin taro ake yanke musu hukunci ba. A falon Alhaji ake yankewa bayan sallar isha'i, ko a cikin mota a hanyar Dawanau, ko a waya tsakanin mutum biyu da ba sa ɓoye wa juna komai. Idan ranar zaman daraktoci ta zo, abin da ya rage kawai a buɗe da addu'a, a karanto abin da aka riga aka gama, kowa ya ce Allah ya sanya alheri, a sa hannu, a karɓi alawus ɗin zama a watse. Mai kallo daga nesa zai ce ai an huta, ba gardama ba ɓata lokaci. Ba a ganin illar sai ranar da banki ya aiko da wasiƙar neman kuɗinsa, ko ranar da Alhaji ya riga mu gidan gaskiya aka zauna rabon gado. A lokacin ne ake tarar da sunan mutum bakwai a takarda, amma babu ko ɗaya a cikinsu da zai iya faɗin nawa ake bin kamfanin.

Ba lalaci ne ya kawo haka ba, ba kuma rashin sanin kasuwa ba ne. Kasuwancin Kano ya girmi kamfani nesa ba kusa ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15, fatake kuma sun daɗe suna safarar goro tsakanin Kano da Gwanja ba tare da wata hukumar daraktoci ba. Tsarin maigida da yaransa ne ya riƙe su: maigida ke da jari, shi ke da ta cewa, yaro kuwa amana ce jarinsa, in ya riƙe ta wata rana a sallame shi da nasa. A cikin wannan tsari Alhassan Dantata ya taso har ya kai inda ya kai kafin rasuwarsa a 1955, kuma har gobe da shi ake tafiyar da shaguna a Kantin Kwari da Singa da Ƙofar Wambai. Tsari ne mai aiki muddin dukiyar ta mutum ɗaya ce. In ya yi daidai ribarsa ce, in ya yi kuskure aljihunsa ne zai ji.

Ranar da aka je Hukumar Rajistar Kamfanoni aka yi wa harkar rajista a matsayin kamfani, lissafi ya canza ko da ba wanda ya lura. A idon doka kamfanin ya zama mai zaman kansa, kuɗinsa ba kuɗin Alhaji ba ne ko da shi ya zuba kashi 90 cikin 100. Akwai ƙanin da ke da kashi 5, akwai bankin da ya ba da rance, akwai ma'aikata da masu kawo kaya bashi, akwai kuma magada, ciki har da mata da marayun da ba za su taɓa shiga falon ba. Saboda waɗannan mutanen da ba sa wurin aka kafa hukumar daraktoci. Darakta ba ɗan rakiya ba ne, wakilin amanar kamfani ne.

Dokar kamfanoni ta 2020, wadda lauyoyi ke kira CAMA, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a watan Agustan shekarar, ta maye gurbin ta 1990. Abin da ta tanada game da zaman daraktoci ba shi da yawa, amma kowane ɗaya yana da haƙori. Zaman farko dole ya kasance cikin wata 6 da yi wa kamfani rajista. Sanarwar zama a rubuce ake ba da ita, kwana 14 kafin ranar, sai in kundin tsarin kamfanin ya faɗi wani abu daban, kuma in aka tsallake daraktan da ya cancanci a sanar da shi, zaman ya ɓaci gaba ɗaya. Idan daraktoci ba su wuce 6 ba, mutum 2 sun isa zama ya halatta. In sun haura haka, sai kashi ɗaya cikin uku. Rinjayen ƙuri'a ke yanke hukunci, in aka yi kunnen doki shugaban zama yana da ƙuri'a ta biyu. Kowane darakta na iya sa sakatare ya kira zama, ba sai ciyaman kaɗai ba. Akwai ma wani tanadi da ya kamata a liƙa a ƙofar kowane ɗakin taro a garin nan: in ciyaman bai iso ba cikin minti 5 da lokacin da aka sa, waɗanda suka hallara na da ikon zaɓar ɗayansu ya jagoranci zaman. A Kano kuwa ana iya zaman jiran ciyaman daga hantsi har a kira azahar, ba mai ko tari.

Wasu tanade-tanade biyu sun fi waɗannan nauyi, kuma su ne mutane suka fi jahilta. Na farko, kowane darakta yana ɗauke da alhakin abin da hukumar ta aikata, rashin zuwa zama ba tare da hujja ba kuma ba ya wanke shi. Dokar ba ta sassauta wa daraktan da ba ya aiki kullum a kamfanin ba. Mizanin kulawar da ake nema gare shi ɗaya ne da na manajan darakta. Don haka malamin jami'a ko tsohon babban sakataren da aka sa sunansa don kwarjini, ya sani ba kyautar girmamawa aka yi masa ba. Na biyu, wanda daraktoci suka saba bin umarninsa, doka na ɗaukarsa darakta ko da sunansa ba ya cikin takarda. Attajirin da ya jera sunayen 'ya'yansa a rajista ya koma gefe yana juya komai ta waya bai fita daga alhaki ba.

Wanda ke ganin duk wannan ƙa'idar Turawa ce da ba ta shafe mu ba, ya tuna 2009. Ranar 14 ga Agusta, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna 5, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe da kuɗin masu ajiya. Duk bankunan nan suna da hukumomin daraktoci cike da manyan mutane, suna zama, suna da kwamitoci, suna da sakatarori lauyoyi. A laccar da ya gabatar a Jami'ar Bayero a watan Fabrairun 2010, cikin dalilan da ya lissafa na rikicin har da gazawar hukumomin: wasu daraktocin shugabannin gudanarwa sun yi ta ɓatar da su, wasu su da kansu sun ci bashin bankin ba jingina, wasu kuma ba su da ilimin da za su tsawata wa kowa. Ba rashin taro ne ya kayar da bankunan ba. An yi ta taro, tambaya ce ba a yi ba.

A nan ne gizo ke saƙar, musamman a wajenmu. Tarbiyyar Bahaushe ta hana yaro ƙure babba a gaban mutane, ta hana a tambayi surukin gida ina kuɗi suka shiga, ta sa neman rasit ya zama kamar zargi. Ɗan da ya dawo da digirin akanta ya zauna teburi ɗaya da mahaifinsa da baffansa, ya ga adadin da bai yi masa ba, to da wane baki zai fara? In ya yi magana a ce boko ya ɓata shi, in ya yi shiru doka ta ce yana cikin masu alhaki. Masu ba da horo kan ce a ajiye kunya a ƙofa kafin a shigo. Ni ban yarda da wannan shawara ba, domin ba wanda zai bi ta, kuma kamfanin da aka ci mutuncin dattijonsa a gaban yara ba zai ƙara ganin zaman lafiya ba. Abin da zai yiwu shi ne a tsara zaman ta yadda tambaya za ta samu hanyar fita ba tare da an taɓa girman kowa ba. Kusan duk dabarun tafiyar da zama mai amfani a kan wannan suke.

Ta takarda ake farawa. Idan aka raba rahoton kuɗi a kan teburi bayan an zauna, ba wanda zai iya karanta shafi 30 yana shan shayi, saboda haka wanda ya rubuta rahoton shi kaɗai ya san abin da ke ciki, sauran sai gyaɗa kai. Ba a fafe gora ranar tafiya. A aika takardu tare da sanarwa, ko aƙalla mako guda kafin zama, kuma a saman kowane batu a rubuta abin da ake so hukumar ta yi da shi: sanarwa ce kawai, ko shawara ake nema, ko amincewa. Amfanin wannan ya wuce samun lokacin karatu. Mai tambaya na iya tura ta ga sakatare tun kafin ranar, sakatare ya haɗa ta da sauran, ciyaman ya karanto ta a matsayin tambayar hukuma. An yi tambayar, akanta ya amsa, ba wanda ya ji an nuna shi da yatsa.

Sai harshe, wanda ba kasafai ake maganarsa ba. Takardun kamfani da Turanci suke zuwa, alhali mutumin da ya fi kowa sanin kasuwar a teburin wataƙila allo da zaure ya yi. Zai iya lissafa ribar tirela 10 ta shinkafa a ka kafin akanta ya kunna kwamfuta, amma jadawalin kadara da bashi ba ya yi masa magana. Sau da yawa shirunsa ba amincewa ba ce, gudun kada a gane bai fahimta ba ne. Shafi ɗaya da Hausa ya isa ya gyara wannan: nawa muka sayar, nawa ya rage a banki, nawa muke bi, nawa ake bin mu, yaushe za mu biya. A yi muhawara da Hausa in ita kowa ya fi sakewa da ita, a rubuta hukuncin da Turanci saboda banki da kotu.

Ajanda kuma ita ce ke nuna ko zaman na gaske ne. Dubi yadda aka saba jera ta: addu'a, gabatar da baƙi, jawabin ciyaman, karanta bayanin zaman baya layi-layi, abubuwan da suka taso daga ciki, sannan can ƙasa, lokacin da kowa ya gaji ana duban agogo, a kawo maganar rancen naira miliyan 500. Ana iya kwashe awa guda a kan kuɗin abincin masu gadi ko launin fentin ofis, saboda kowa yana da abin faɗa a kai, rancen kuwa a wuce shi cikin minti 10 saboda ba mai son a ga bai gane sharuɗɗan ba. Kamata ya yi a juya jerin. Batu mafi nauyi ya zo farko, a ba shi rabin lokacin zaman. Bayanin zaman baya tunda an aika tun tuni, a tambaya ko akwai gyara, in babu a wuce. Ƙananan al'amura kuwa na manaja ne, ba na hukuma ba. Daraktan da ke son sanin wa aka ɗauka direba ya sauka daga kujerarsa ke nan.

To mene ne batu mai nauyi? A ɗauki masana'anta a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai a shekaru biyun da suka biyo bayan Mayun 2023. An cire tallafin man fetur. A watan Yuni aka saki naira, dalar da Babban Banki ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Afrilun 2024 kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka ce za a ba su wuta aƙalla awa 20 a rana, ya tashi zuwa naira 225 kowane ma'auni, daga ƙasa da 70. Babban Banki ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kashi 27.5 cikin 100 a watan Nuwamban 2024. Hukumar da ta san aikinta, tambayoyinta a wannan lokaci a bayyane suke: bashin da ke kanmu na dala nawa ne, wata nawa kuɗin hannunmu zai riƙe mu in ciniki ya ragu, kwastomomi nawa ne ke riƙe da rabin bashin da muke bi, za mu ƙara farashi ko za mu rage aiki? Ƙa'idar shugabancin kamfanoni ta 2018 ta ba da shawarar a zauna aƙalla sau ɗaya duk wata uku. A shekara irin waccan, wata uku ma ya yi nisa.

Duk da haka, babu abin da ya kai halin ciyaman tasiri. Da zarar ya buɗe batu da cewa "ni dai a ganina", an gama. Abin da zai biyo baya sai "haka ne, ranka ya daɗe". Ciyaman mai son jin gaskiya shi ke magana a ƙarshe. Ya sa manaja ya gabatar, sannan ya bi teburin ɗaya bayan ɗaya, ya fara da mafi ƙanƙanta. In Alhaji da kansa ya ce, "Kai Auta, me ka gani a lissafin nan?", yaron da ya amsa da "Baba, bashin da muke bin dillalai ya fi na bara, ko akanta zai ƙara mana bayani" bai yi rashin kunya ba, umarni ya bi. Haka Hajiyar da ta gaji hannun jarin mijinta, wadda ba za ta taɓa katse maza ba, in aka ce "Hajiya, saura ke", sau da yawa ita ce za ta tambayi abin da kowa ke tsoron tambaya, domin da ribar take ciyar da gida. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajen musulmi. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta yi umarni da shawara, sannan ta ambaci ƙudurta niyya da dogara ga Allah. Shawara ce a gaba. Mu kuwa mun saba ƙudurtawa tukuna, sannan mu tara mutane.

Dalilin da ya sa dokar 2020 ta hana mutum ɗaya zama ciyaman kuma shugaban gudanarwa a kamfanin da jama'a ke da hannun jari ke nan: ba ya yiwuwa mutum ya jagoranci zaman da zai binciki aikinsa. Kamfanin iyali ba a tilasta masa ba, kuma a gaskiya da wuya wanda ya kafa abu da guminsa ya sauka daga ɗaya cikin kujerun. Mafita mai sauƙi ita ce a shigo da mutum ɗaya ko biyu daga waje, waɗanda ba 'yan gida ba ne, ba sa cin abinci a hannun Alhaji, ba kuma sa neman kwangila. Amfaninsu ɗaya ne: za su iya cewa ba su gamsu ba, su koma gida su yi barci.

Maganar kwangila ta kawo mu ga wurin da zumunci da amana ke karo. A Kano da wuya kamfani ya yi ciniki da wanda ba shi da alaƙa da wani a teburin. Mai kawo buhuna suruki ne, mai motocin dako abokin ƙuruciya ne. Wannan ba laifi ba ne, sau da yawa ma su suka fi sauƙin farashi da haƙurin jiran biya. Laifin shi ne ɓoyewa. Doka ta wajabta wa darakta ya sanar da sauran idan yana da wata maslaha a cinikin da kamfani zai shiga. Hanyar da ta fi kare mutuncin kowa ita ce a mayar da abin al'ada: a farkon kowane zama sakatare ya tambayi kowa, har ciyaman, ko yana da alaƙa da wani batu na yau. Mai alaƙa ya faɗa, ya ba da wuri idan an zo kansa, a kwatanta farashin da na wasu. Tambayar da ake yi wa kowa a kowane zama ba ta zama zargi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Rubuta bayanin zama shi ne aikin da aka fi rainawa, a miƙa wa duk wanda ya zo da biro. Alhali bayanin da ciyaman ya sa wa hannu hujja ce a gaban kotu, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ba a buƙatar wane ya ce, wane ya mayar. A rubuta abin da aka yanke, da dalilin a taƙaice, da wanda zai aiwatar, da ranar da zai kawo rahoto. Wanda bai amince ba yana da haƙƙin a rubuta cewa bai amince ba, wata rana wannan layin ne zai fitar da shi. "Za a duba" ba hukunci ba ne. A zama na gaba a fara da jerin abin da aka ɗora wa kowa, a ji an yi ko ba a yi ba. Hukumar da ba ta bibiyar hukuncinta, cikin wata shida ma'aikata za su gane, su daina ɗaukarta da muhimmanci.

Lokaci ba ya buƙatar dogon bayani. Zaman da aka fara da ƙarfe 9 ko 10 na safe yana ƙarewa kafin azahar. Wanda aka sa da ƙarfe 12 salla da abinci za su raba shi biyu, rabin mutane kuma ba za su dawo ba. Juma'a ba ranar zama ba ce. A fitar da ranakun shekara gaba ɗaya tun a Janairu, a kauce wa goman ƙarshe na azumi da lokacin aikin hajji. Wanda tafiya ta kama shi a Dubai ko Sin ya shigo ta bidiyo in kundin kamfanin bai hana ba.

Duk abin da aka faɗa ya shafi kwamitocin amintattu na makarantun Islamiyya da gidauniyoyi da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, har ma ya fi, domin kuɗin da ke hannunsu na sadaka ne da karo-karo, masu shi kuma ba su da hanyar bibiya. Dokar 2020 ta ba Hukumar Rajistar Kamfanoni damar dakatar da amintattun ƙungiya idan aka samu almundahana ko rashin iya riƙo, tanadin da ya jawo ce-ce-ku-ce sosai daga ƙungiyoyin addini lokacin da aka sa mata hannu.

Akwai kuma kamfanonin da ba su buƙatar hukuma tun farko. Da, doka ta tilasta a samu aƙalla mutum biyu, shi ya sa ɗan kasuwa kan sa sunan matarsa ko ƙaninsa don cika sharaɗi, su kuwa ba su ma san an sa su ba. Yanzu mutum ɗaya na iya kafa kamfani mai zaman kansa, ƙaramin kamfani kuma, wanda cinikinsa bai wuce naira miliyan 120 a shekara ba, kadararsa ba ta wuce miliyan 60 ba, yana iya tafiya da darakta ɗaya ba tare da sakatare ba. Mai shago biyu a Kwari da ba ya niyyar jin ra'ayin kowa gara ya bi wannan hanya, ya cire sunan iyalinsa daga alhakin da ba su san suna ɗauke da shi ba. In harka ta girma ta wuce wannan iyaka, ko aka karɓi kuɗin wani aka zuba a ciki, sai a nemo darakta na biyu, a fara aika masa da takardu kwana 14 kafin zama.